Sunan da na kasa kira a rumfar albasa

A shekarun da wannan abu ya faru, ni mace ce mai ɗiya shida da aka sani da sanyin baki a ƙauyenmu, can cikin ƙasar Dogarawa. Ko akuya ta shigar mini madafa sai dai in kore ta da gefen zane, ba a jin muryata a bayan danga. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da girmana na shiga karatun manya, ina goye da autana, na yi shekara biyu a kan tabarma har hannuna ya saba da bik, alƙalamin rubutu. Da wannan hannun nake rubuto muku, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri ku gyara. Ba zan faɗi sunan kowa ba, amma ina roƙon mai karatu ya riƙe maganar suna a ransa, don a kanta na yi kuskuren da har gobe nake kwana da shi.

Wajen Malbaza akwai wani Alhaji da ya buɗe ƙaramin kamfani na busar da albasa. Wanda ya san ƙasarmu ya san halin albasa da bazara. A tone ta gaba ɗaya, ta cika kasuwa, wadda ba ta samu mai saye ba ta ruɓe a idon mai ita. Shi sai ya riƙa saye, a ɓare, a yanka siri-siri, a shanya a rana, a ɗura a leda a kai birni. Mu mata wajen talatin ne muke yankan, a ƙarƙashin wata doguwar rumfar zana, kowace da wuƙarta da ɗan katakonta. Tun hantsi ido na ruwa har la'asar, kuma babu wadda yatsunta ba su da tabo. Da Alhaji ya ga na iya rubutu kuma ba ni da faɗa, sai ya ɗora ni a kan matan ya ba ni kaye, wato littafin rubutu. Ni ke rubuta wadda ta zo, ni ke raba wurin zama, ni ke sasantawa in an yi cacar baki. Matan suna jin maganata. In na ce a tashi a sha ruwa ana tashi, in na ce magana ta mutu tana mutuwa.

Cikin matan akwai ɗiyata ta fari. Mijinta ya tafi ci-rani ya daɗe, ta dawo gabanmu da zama kafin ya dawo. Uwata Bafulatana ce, a ruga ta tashi, kuma ita ta hore ni a kan kunyar ɗan fari, irin wadda ko Hausawan ƙauyenmu suna cewa ta yi yawa. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan yarinyar nan ba, ko laƙabi ban yi mata ba. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, a can ta girma tana ce wa kakar Inna, ni kuma tana ce mini Adda. In ina son ta zo sai in ce ke, ko in ce wa wata ta kira mini waccan. Ban taɓa yabon ta a gaban mutane ba, ban taɓa shigar mata faɗa ba, in an kawo ƙararta ita nake ba rashin gaskiya tun ban ji zancen ba. Mutane suna cewa ga mai kunya, ni kuma ina jin daɗin hakan. Allah ya sani in ta juya baya ina bin ta da ido har ta ɓace, amma ita ba ta sani ba, don ba a bayan kai ido yake ba.

A farkon bazarar da abin ya faru Alhaji ya dawo daga wani taron ƴan kasuwa a Yamai, bakinsa cike da sabuwar magana. Ya tara mu ya ce daga yau kowa ya riƙa tunani kamar kamfanin nasa ne, duk mai dabarar da za ta sauƙaƙa aiki ya kawo, ƙofarsa a buɗe take. Yana fita matan suka fashe da dariya, wata ta ce in dai kamfanin nata ne to yau a tashi da azahar, wata ta ce ita dabararta a nemo albasar da ba ta sa hawaye. Ɗiyata ba ta yi dariya ba. Ashe ta daɗe tana kallon mai wasa wuƙa da ke zuwa mana da ƙafar kekensa, yana juya ta dutse na cin ƙarfe. Ta ce a ranta in ƙafar keke za ta wasa wuƙa, mi zai hana a juya wuƙar kanta ta yi yanka. Ta sayar da tunkiyarta, ta je wajen wani maƙeri a Badaguishiri, ta zana masa a ƙasa da tsinke. Suka yi ta gwadawa suna ɓatawa har abin ya fito, faifan ƙarfe mai wuƙaƙe uku, da mariƙin da ake juyawa da hannu, da ɗan baki inda ake tura albasa, yankakkiya ta zubo a kwano.

Wata la'asar muna komawa gida a ƙasa, ina gaba tana baya kamar yadda muka saba, sai na ji ta fara magana da bayana. Ta ce Adda, tana da zance, in ba na so kada in juyo. Ta ce ta san matan za su ji tsoron ƙarfen nan, amma in dubi tulin albasar da ke ruɓewa a bakin ƙofa don hannuwanmu sun kasa cinye ta. In ƙarfe ya karɓi yanka, ɓara za ta ƙaru, shanya za ta ƙaru, juyawa da tsincewa da ɗuri duk za su ƙaru, har sai an nemo wasu mata daga Tajaye, balle a kori na nan. Ta ce ita yarinya ce, in ta faɗa za a ce rawar kai ne, amma ni in na faɗa za a ji. Ta kuma ce abin bai ƙare ba, saura maƙeri ya yi wa wuƙaƙen murfi, kada a sa shi aiki kafin nan. Na ji duk wannan, zuciyata ta cika da daɗi, ina mamakin wai ni na haifi mai wannan kai. Abin da bakina ya ce shi ne to, Allah ya sa alheri. Ban juyo ba.

Alhaji bai jira murfi ba. Labari na kai masa ya aika aka ɗauko ƙarfen a amalanke, aka girka shi a tsakiyar rumfa, ya ce a gwada yanzu-yanzu. Ɗiyata ta ce masa da saura, ya ce ai gwaji ne kawai. Ta juya mariƙi, albasa ta riƙa zubowa kamar ana tankaɗe, kafin mace ɗaya ta gama guda biyar kwano ya cika ya yi tozo. Alhaji ya tafa hannu, ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce wallahi wannan ƙarfe mata goma ne. Da wasa ya faɗa, na sani, amma na ga wuƙaƙe sun tsaya a hannuwa. Sai ya juyo gare ni ya ce to shugaba, mi kika gani, yaya za mu tsara aikin? Mata talatin na kallona, ɗiyata ta sunkuyar da kai tana jira. Maganar tana bakina a shirye, yadda ta jera mini ita a hanya. Amma in na faɗe ta, na yabi dabarar ɗiyar fari ke nan a bainar jama'a. Na ji kamar uwata na tsaye a bayana tana kallona. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce ni ba ni da ta cewa a kan aikin yara, shi ya san abin da ya dace. Ya ce ai kun ji kunyar Fulani, ya ƙara dariya, tarhonsa ya yi ƙara, ya fita yana amsawa. Washegari ya wuce sayen albasa wajen Konni, ya bar mu da ƙarfe da kalmar nan tasa.

A cikin matan akwai ƙawata, tun muna ƴan mata muke tare, ita ta riƙe mini kai ranar da aka sa ni lalle. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, wuƙar nan ita ce gonarta. Tare muka shiga karatun manya, ta yi wata biyu ta bari, ta ce baƙi ba ya cika tukunya. Abin da ta fita da shi, ta san sunanta in ta gan shi a rubuce, ta kuma san lambobi. Mace ce mai zafi mai barkwanci, in ta buɗe baki rumfa duka tana bin ta. Ita ta fara laƙaba wa ɗiyata Mata-Goma. In yarinyar ta shigo da safe sai a ce a gyara, ga Mata-Goma nan, a shimfiɗa mata tabarma goma. A ce tunda ta iya ƙira ta ƙera wa mijinta ƙafa ya dawo daga ci-rani. Da farko dariya ce. Kwana uku dariyar ta ƙare. Muka zo muka tarar an soke wuƙa a tabarmarta har ta shige ƙasa. Aka jefe ta da ruɓaɓɓiyar albasa a ido, ta yini ba ta gani da guda. A bakin rijiya ƙanwar ƙawata ta ture mata bokiti, suka kama kokawa, aka taru mata su uku, aka yaga mata riga, aka cije ta a kafaɗa har shatin haƙora ya fito da jini, aka danna fuskarta a taɓo. Ina tsaye da tulu a ka. Na ce a bari, a hankali, irin maganata, aka bari. Sannan na juya ga wadda ke zubar da jini na ce ta wuce gida, ita ma da neman magana. Ta dube ni sau ɗaya, ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Ranar da yamma ƙawata ta same ni ina tankaɗe a tsakar gida. Ta tsuguna kusa da ni ta ce ƙawa, don zaman tare da gishirin da muka ci, in gaya mata gaskiya, korarsu za a yi? Na ce ban ji Alhaji ya faɗi haka ba. Ta ce to mi ɗiyar taki ke nufi da mu? A nan ma da na buɗe baki da an huta, don babu kowa sai ni da ita da kaji. Amma sai na ji ba zan iya zama ina lissafa hikimar ɗiyar fari ba ko a gaban mutum guda. Na ce abin yara ne, wa ya san musu. Ta tashi tana kakkaɓe zane. Ta ce ita dai ta san in yaro ya yi ɓarna uwa ta yi shiru, to uwar ce ta aike shi, kuma tun da na samu kaye da bik na daina magana irin ta mutane. Ta fita ba sallama. Na bi ta da ido kamar yadda nake bin ɗiyata, na ce a raina gobe zan gyara.

Washegari Alhaji ya kira ni a tarho ya ce in zaɓi mata goma da za su fara koyon juya ƙarfen, in ya dawo zai kyautata musu. Na yi murna, na ce ga hanyar da zan gyara ba sai na yi magana ba. Ban lura ba cewa goma ta riga ta zama mugunyar lamba a rumfar nan. Na buɗe kaye, na rubuta a sama, masu koyon mashin. Na jera ɗaya har goma. Na zaɓi waɗanda suka fi kowa buƙata, zawarawa da masu marayu, na sa ƙawata a farko don in wanke mata zuciya. Na ce in Alhaji ya dawo shi zai karanta da bakinsa, ni in tsira da kunyata.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi rana ta fara cizo, na zaga bayan sito duba shanya, na manta kayen a buɗe a kan buhu. Ƙawata ta zo wucewa ta gani. Ta ga sunanta, ta ga ɗaya a gabansa, ta ga goma a ƙasa. Layin sama ba ta iya shi ba. Ihu na ji, irin na wadda aka faɗa wa mutuwa. Na zo da gudu na tarar ta ɗaga kayen sama tana cewa ga su nan, ga mata goman, an rubuta su, ita ce ta fari, ƙawarta ta yanka ta da bik. Kowace na tambaya ko tana ciki, ƙawata na cewa duk suna ciki, yau goma gobe goma. Ta yage shafin ta cusa a ƙugu ta ce shaida ce, ta yi jifa da sauran. Na ɗaga hannu na ce ku tsaya in karanta muku, amma muryar nan tawa da ta saba kashe magana, ranar ko ni ban ji ta ba. Wata ta buga mini katakon yanka a baki, leɓena ya fashe, haƙorina ɗaya ya girgiza, na faɗi a kan kwanuka, aka bi ta kaina ana takawa.

Suka yi kan ƙarfen. Wasu da wuƙaƙe a hannu don da su suke aiki, wasu suka zaro sanduna daga jikin rumfa, ƙawata ta shiga gidan mai gadin kamfanin ta fito da taɓarya. Ɗiyata ta riga su isa, ta tare ƙarfen da jikinta, ta buɗe hannuwa tana cewa iyayena ku ji ni, wallahi ba wadda za a kora, ku tambayi Adda, Adda ta sani. Wata ta ce ai mun ga abin da Adda ta sani. Sandar farko ta same ta a kafaɗar da aka ciza, ta biyu a haƙarƙari. Aka fizge ɗankwalinta, aka naɗe kitsonta a hannu ana ja, wuƙar wata ta tsaga mata damtse, jini ya bi hannun riga. Ba ta matsa ba. Ta juya ta rungume ƙarfen tana kare shi da ƙirji, tana kaucewa masu duka ta gaba, ta bar bayanta a buɗe. Ni ina durƙushe cikin albasa, bakina cike da jini, sai na ga ƙawata ta zago ta baya, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu kamar za ta daka hatsi.

Na buɗe baki in gargaɗe ta, abin da ya fito shi ne ke! Na sake cewa ke! A rumfa mai mata talatin kowa ke ce. Wasu biyu suka waiwayo, ita ba ta waiwayo ba. Sunan yana nan a maƙogwarona, shekara ashirin da huɗu a kulle, na tura shi ya ƙi fitowa. Na ce ke yarinyar nan! Taɓarya ta sauka. Ta same ta a gefen kai, ta kifa gaba, jikinta ya danne mariƙin, faifan ya juya, hannunta na dama ya shiga wuƙaƙen da ba su da murfi. Sai a lokacin sunan ya fito. Na kwarma shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, masu shayi a bakin titi sun ce har can suka ji. Da na yi shi kafin ƙiftawar ido uku, da ta kauce.

Kwanon albasa ya cika da jini, yatsunta uku na ciki tare da yankakkiyar albasa. Matan suka daskare, sannan aka watse da kururuwa. Maza suka shigo daga titi da sanduna ba su san wa ke da laifi ba, suna dukan duk wadda suka samu, mai gadi shi ma na duka. Cikin turmutsutsun aka kifar da murhun shayinsa, zana ta kama, wuta ta bi rumfar daga wannan kai zuwa wancan. Na ja ɗiyata ta ƙafa na fitar da ita daga hayaƙi, na yage mayafina na ɗaure hannun, na koma cikin wutar na tsince yatsun na ƙulle a gefen zane, don a tunanina likita zai mayar. Aka ɗora ta a amalanke zuwa titi, aka tsayar da motar kasuwa. Na ɗora kanta a cinyata, jini na jiƙa ni, ina ta kiran sunanta kada ta tafi. Rabon da kanta ya taɓa cinyata tun kafin yaye. A asibiti likita ya kwance ƙullin zanen, ya duba, ya girgiza kai, ya ce uwa, waɗannan sai dai a rufe su a ƙasa.

Jandarma suka kwashe mu zuwa buronsu. Ƙawata ba ta yi musu ba, ta ce ita ta buga, amma ƙarfen ta nufa, kuma tana da shaidar zaluncin da aka shirya musu. Ta zaro shafin daga ƙugu, ya jiƙe da gumi, ta miƙa. Jandarman ya warware shi ya karanta da ƙarfi, masu koyon mashin, ɗaya, ya faɗi sunanta. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta dube ni, ta dubi takardar, sai ta zube ƙasa ta fara marin fuskarta da hannu biyu, tana buga goshi a siminti, sai da aka riƙe ta. Ta yi watanni a gidan kaso. Har yau tana rantsuwa ƙarfen ta nufa. Wata rana in yarda da ita, wata rana in kasa.

Alhaji ya dawo ya tarar da toka. Ya yi ta cewa jahilci ne, shi bai taɓa cewa zai kori kowa ba. Na ce masa, a hankali don ban iya wata magana ba, gaskiya ne bai ce zai kora ba, amma bai ce ba zai kora ba, kuma shi ya sa a ɗauko ƙarfe ba murfi. Ya ɗauki nauyin magani, wannan ba zan ɓoye masa ba. Da bazara ta zagayo bai sake kafa rumfar ba, ya sayo injin yanka daga birni ya ɗauki maza biyu. Abin da matan suka ji tsoro ya zo, kuma ba goma ya ci ba, ya ci mu duka. Tsarin da ɗiyata ta jera mini a hanya, wanda zai riƙe kowa, ba wanda ya taɓa jin sa a rumfar, don a bakina aka ajiye shi.

A asibitin, kwana uku ɗiyata ta yi kafin ta dawo hayyacinta sosai. Ina zaune ina korar mata ƙuda, ta dubi hannun da aka naɗe, ba ta yi kuka ba. Ta ce Adda, lokacin da ta faɗi ta ji an kira sunanta da wata murya da ta sani, sai ta ɗauka ta riga ta mutu, don a duniya muryar nan ba ta san sunanta ba. Ta ce in ba damuwa in sake faɗa ta ji. Ɗakin cike yake da majinyata da masu jinya, har da wata tsohuwa ƴar ƙauyenmu. Na faɗa. Ta rufe ido ta ce in ƙara.

Yanzu ta koyi ci da hagu, ta koyi zane a ƙasa da hagu. Kan nan nata bai daina ba, tana can ita da maƙerin suna fama da wani abin ɓare gyaɗa, kuma ta ce murfi za a fara ƙerawa kafin komi. Ni na ce mata duk ranar da ya fito, ni zan riga shi shiga gidaje, in zauna da mata in gaya musu wa ya yi shi da abin da zai yi musu da abin da ba zai yi ba. Ƙawata kuwa muna gaisawa in mun haɗu a gidan suna, iyakarta ke nan. An ce mini ta koma karatun manya, ban tambaye ta ba.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kullum sai in zagayo in tarar da kaina a tsakiyar rumfa da mayafi a fuska. Ban ce kunya banza ce ba, ado ce, da ita aka san ɗiyar gidan mutunci. Amma ranar da na karɓi kaye na yarda in shugabanci mata talatin, na ɗauki amanar magana, kuma wanda aka ba amanar magana in ya yi shiru, mutane za su cika shirun da abin da suka fi tsoro. Masu kamfani da masu shago da duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ina roƙon ku, kada ku ce wa ma'aikata su kawo sabuwar dabara sannan ku hau mota ku tafi. Wanda ya kawo dabarar shi kaɗai kuke bari a gaban masu tsoron yunwa. Ku zauna ku faɗa wa kowa inda zai tsaya in sabon abu ya shigo, ku bar abin ya ƙare kafin ku nuna shi, kuma ku auna wasan da kuke yi da abincin mutane. Ku kuma ƴan uwana mata masu wuƙa a hannu, in kun ga takarda ku nemi a karanta muku ita tun daga sama. Ke kuma uwa mai ɗiyar fari, ki yi kunyarki a gaban surukai in kina so, amma ki koya wa bakinki sunanta tun ana zaune lafiya, ko a ɗaki ne ke kaɗai. Ni nawa bakin ya koya, sai dai bayan taɓarya ta sauka.